Motar Ɗan Garinmu

A cocinmu, Lahadin farko na kowane wata akwai lokacin shaida. Kafin wa'azi ake miƙa makirufo ga duk wanda yake da abin gode wa Ubangiji a gaban jama'a. Wata ta sauka lafiya, wani ya tsira daga haɗari a hanyar Ibadan, wata 'yarta ta samu gurbi a jami'a. Wata Lahadi cikin damina sai wani ɗan garinmu ya miƙe. Tirelar tumatir ɗaya ce ta sauke mu a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ni da shi, muka kuma yi kusan shekara biyu a ɗaki ɗaya a Agege, katifa ɗaya, risho ɗaya. Ya ce Allah ya ba shi mota. Da aka tashi sujada aka fita waje, Baba Fasto ya ɗora hannu a kan motar ya yi addu'a, 'yan zumuntar mata suka rangaɗa guɗa suna kaɗa tulu. Na tafa, na ce amin da ƙarfi, na rungume shi. A cikin danfo kuwa, bas ɗin haya na Legas, ina komawa gida, lissafi nake yi: nawa ake sayar da Corolla ta hannu yanzu, nawa yake samu a wata, ina ya samo cikon. Kafin kwandasta ya kira tashata na gama yanke masa hukunci cewa akwai lauje cikin naɗi. Hujja ko ɗaya ba ni da ita.

Abin da ya dame ni daga baya shi ne, kusan kullum ina tsallake gadar Third Mainland, motoci na miliyoyin naira suna wuce mu kamar iska, ban taɓa rasa barci a kansu ba. Gidajen Ikoyi da Banana Island kallonsu nake yi kamar yadda ake kallon farin wata. Tsohuwar Corolla ce ta hana ni cin tuwon dare.

Hausa ta raba wannan ciwo gida-gida. Kishi yana da fuska mai kyau: akwai kishin ƙasa, akwai kishin zuci, har Littafi Mai Tsarki ya kira Allah mai kishi, domin kishi tsaron abin da yake naka ne. Ƙyashi shi ne ka ga abu a hannun wani, ranka ya sosu. Hassada ta zarce nan, so kake abin ya bar hannunsa ko da ba zai zo naka ba. Shi ya sa muke ce wa mai ita ɗan baƙin ciki, kuma sunan ya dace, don shi ne zunubin da mai yinsa ba ya ɗanɗanar daɗin komai a ciki. Ɓarawo ya ci abin da ya sata, mashayi ya yi dariyarsa ta dare ɗaya. Mai hassada ƙuna kawai yake kwasa. Karin Magana 14:30 ta kwatanta ta da ruɓewar ƙasusuwa, ciwon da ba a gani daga waje.

Doka ta goma a Fitowa 20:17 ta hana ƙyashin gidan maƙwabci, da matarsa, da bawansa, da sansa, da jakinsa. Kalmar da ta fi nauyi a ayar ita ce maƙwabci. Duba labaran hassada a Littafi Mai Tsarki, kusan duka na cikin gida ne. Kayinu da Habila ciki ɗaya suka fito. Rahila da Lai'atu ya da ƙanwa ne, kuma kishiyoyi. Waɗanda suka sayar da Yusufu a kan azurfa ashirin 'yan'uwansa ne, riga ce da mafarki suka tsone musu ido. Saul bai fara kallon Dawuda da mugun ido ba sai ranar da matan Isra'ila suka sa sunayensu a baiti ɗaya, suka ba shi dubbai, suka ba yaron dubun goma. Ko Bilatus, wanda ba Bayahude ba, ya gane cewa hassada ce ta sa manyan firistoci suka ba da Yesu, malamai suna ƙyashin malami. Agustin na Hippo, Ba'afirken da aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya ba da labarin jaririn da ya gani, bai iya magana ba tukuna, amma fuskarsa ta sauya don ya ga wani jariri yana shan nonon da shi ma yake sha. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya shimfiɗa wannan a matsayin ka'ida: in ba mu da ma'aunin da za mu auna kanmu, da mutane muke aunawa, kuma masu kama da mu muke zaɓa. Kakata ba ta shiga aji ba, amma ta san kishiya ba ta kishi da matar sarki.

Zaman Legas yana ƙara wa wannan wuta itace. Mu da muka zo daga Filato, da Kudancin Kaduna, da Adamawa, da Zuru, da Kudancin Borno, harsunanmu na gida daban-daban ne, Hausa ce ta tara mu a sujada, ko a cocin ECWA ne ko COCIN ko EYN. A garin da ba namu ba coci ya zama mana dangi, ya zama ofishin neman aiki, ya zama wurin adashi. Daɗinsa ba ya misaltuwa. Sai dai kowa ya san ranar da kowa ya zo, da jakar da ya zo da ita. Wanda kuka fara gadi tare yau yana da shago a kasuwa, kai kana nan a bakin get ɗin da ka fara. Sannan ga Disamba. Mutanen gida sun ɗauka a Legas kuɗi a bakin titi ake tsinta. Mama za ta bugo waya, ba da niyyar gori ba, ta ce, "Ɗan gidan wane ya yi wa uwarsa rufin kwano." Ta wuce zuwa maganar gero, kai kuwa maganar ta zauna maka a ƙirji har mako. Na san waɗanda suka yi shekara uku ba su je Kirsimeti gida ba, kuɗin mota suna da shi, abin da za su sauka da shi ne babu. Wayar hannu ta zo ta cike gurbin da ya rage. A da sai ƙarshen shekara kake ganin ci gaban tsaranka, yanzu kafin ka wanke baki ka gan shi a WhatsApp, da sabon leshi, a gaban gidan da wataƙila ma ba nasa ba ne.

Yawancin abin da ya raba tsara da tsara a garin nan bai da alaƙa da wanda ya fi wani addu'a. A ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa. Wanda ya riga ya sayar da babur ɗinsa ya koma keke ko sayar da doya ya sha. Wanda bai gama biyan bashin nasa ba, aka kama, ya koma gidan jiya. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Mai albashi tsayayye ya rame, mai kaya a sito ya yi ƙiba. Mutum biyu masu bangaskiya ɗaya, masu zakka ɗaya, suka wayi gari a matakai daban.

A nan nake ganin mu masu bi muna da laifin da ba mu cika faɗa ba. Legas gari ne na wa'azin wadata, allunansa sun cika titin Ikorodu da hanyar Ibadan, kuma iskarsa ta shigo cocin Hausa ko da fastocinmu ba su koyar da shi ba. A hankali shaida ta koma jerin abin da ake iya ɗauka hoto: mota, biza, fili, ƙarin girma. Ban taɓa jin wanda ya karɓi makirufo ya ce, "Shekara ta ƙare ban samu komai ba, amma Ubangiji ya hana ni sata a gidan maigidana." Alhali wannan ma aikin alheri ne, wataƙila ya fi mota. In aka ɗaura tagomashin Allah a jikin kaya, wanda ba shi da kaya ciwo biyu yake kwana da su: rashi, da zargin cewa Allah ya fi son wani. Ciwon Kayinu ke nan. Bai ce Habila ya fi shi tumaki ba, baikon ne aka karɓa aka bar nasa.

Wani abin dariya kuma. A daren addu'a, in aka ce a yi addu'a a kan maƙiya da mahassada, rufin coci kamar zai tashi. A bayan tirela da keke an rubuta "Hassada ga mai rabo taki ce." Kowa mai rabo ne, kowa ana masa hassada. To su wa ke yin ta? Shekaruna a coci ban taɓa jin an ce masu fama da ƙyashi su fito a yi musu addu'a ba, kuma da an ce, ni ma da ban fito ba. Mazinaci yakan tuba a gaban dattawa. Mai hassada sai ya sauya wa abinsa suna: ya ce yana da fahimta ta ruhaniya, ya ce yana damuwa ne da inda ɗan'uwa ya samo kuɗi.

Maganin da aka saba bayarwa shi ne, dubi na ƙasa da kai ka gode wa Allah. Ka tuna masu kwana a ƙarƙashin gadar Oshodi, ka tuna na asibiti. Yana aiki na sa'a ɗaya ko biyu, kamar Panadol. Matsalarsa ita ce sikelin nan dai ne, an juya shi kawai. Mutumin da ke samun kwanciyar rai don wani ya fi shi wahala, zai rasa ta da zarar wancan ya samu sauƙi. Yesu ya ba da misalin mai irin wannan godiya a Luka 18: Bafarisiyen da ya tsaya a Haikali yana gode wa Allah da bai zama kamar sauran mutane ba, balle wannan mai karɓar haraji. Da kalmar godiya ya buɗe baki, amma idonsa yana kan na gefensa. Akwai ƙanwar wannan dabara, wato a ce maka, "Ba ka san abin da yake ciki ba, wataƙila bashi ne ya yi masa katutu." Na gwada ta a kan ɗan garinmu. Na bincika a fakaice, ina fatan in ji ɓaraka. Babu. Adashi ya yi na shekara huɗu, matarsa tana soya ƙosai, suka haɗa. Suna zaman lafiya, 'ya'yansu suna da ladabi. Ranar da na tabbatar da haka ban ji daɗi ba, kuma rashin jin daɗin ne ya nuna mini sunan abin da ke cikina.

Asaf, a Zabura 73, ya faɗi nasa ba kunya: ƙafarsa ta kusa zamewa don ya yi ƙyashin masu girman kai, har ya ce a banza ya tsarkake zuciyarsa. Amma nasa da ɗan sauƙi, mugaye yake kallo, kuma yana iya jiran ƙarshensu. Mai wuyar shi ne na Matiyu 20, inda ba mugu ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa wucewa ta mahaɗar tituna a Legas da asuba ya ga leburori a tsugune da shebur da kwanon kwaɓa siminti, suna jiran wanda zai ɗauke su. A misalin da Yesu ya bayar, mai gonar inabi ya ɗauki wasu da sassafe a kan dinari ɗaya, ya koma da ƙarfe tara, da tsakar rana, da ƙarfe uku, har da ƙarfe biyar na yamma. Da aka zo biya ya ce a fara da na ƙarshe, kowa dinari guda. Da na farko aka fara biya, da sun tafi gida da murna, don abin da aka yi alkawari aka ba su cif. Ganin hannun na ƙarshe ne ya ɓata musu dinarinsu. Mai gonar ya tambayi ɗayansu, ya ma kira shi aboki, ko idonsa ya yi mugunta ne don shi yana da kirki. Na daɗe ina jin haushin wannan misali, domin ni a raina ɗan asuba ne. Kowannenmu haka yake ɗaukar kansa. Ba mu tuna cewa na ƙarfe biyar ɗin sun yini a tsaye cikin rana ba wanda ya ɗauke su, suna tunanin abin da za su gaya wa yara da dare. Wanda ya taɓa yini a bakin titi da shebur ya san wanne ya fi ciwo, aikin ko jiran.

Misalin ya nuna inda hassada ta dosa. Kamar da ɗan'uwa take faɗa, alhali ƙararta a kan mai rabon take. Shi ya sa godiyar da za ta taɓa ta dole ta kasance mai fuskantar Mai bayarwa, ba tare da ta waiwaya ta ga na wani ba. Bulus ya tambayi Korantiyawa me suke da shi da ba karɓa suka yi ba. Asaf ya ƙare zaburarsa da cewa Allah ne rabonsa har abada, kuma Bahaushe ya san nauyin kalmar rabo: abin da ba ya hawa sama ya bar mai shi, ko kwaɗo ne. A Yahaya 21, bayan Yesu ya gaya wa Bitrus irin mutuwar da zai yi, Bitrus ya juya ya ga Yahaya, ya ce, wannan fa? Amsar a taƙaice ita ce, ina ruwanka, kai dai bi ni. Manzo ne, ya ga tashin Almasihu da idonsa, amma sai da ya leƙa kwanon wani.

Game da wadar zuci, kalmar da nake riƙewa a Filibiyawa 4:11 ita ce "koya". Bulus yana tsare ya rubuta cewa ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, ƙoshi ko yunwa, yalwa ko rashi. Abin da ake koya yana ɗaukar lokaci, ana faɗuwa a ciki, kamar tuƙi a gosulon Apapa. Aya ta 13 da muke liƙawa a gilashin mota, cewa zan iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa ni, a wurinta tana magana ne a kan iya jure yunwa da iya riƙe ƙoshi. Mun mai da ita taken cin kwangila. Agur, a Karin Magana 30, ya roƙi kada a ba shi talauci ko dukiya, sai abincin da ya ishe shi, don kada ya ƙoshi ya yi musun Allah, ko ya rasa ya yi sata. Ban taɓa jin an ɗaga wannan roƙo a daren ƙetare shekara ba.

Sai dai akwai inda nake tsayawa in ja da masu wa'azin wadar zuci, musamman in mai wa'azin shi ne mai biyan albashi. A 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000, Legas ta sa nata 85,000, amma doka ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato maigadi da mai aikin gida da direban gida suna wajen inuwarta. In ɗan'uwa ya yi wata uku ba a biya shi ba, ya zo yana kuka, aka buɗe masa 1 Timoti 6 cewa in muna da ci da sutura su ishe mu, an yi wa ayar fashi. Ayarsa tana Yakubu 5:4, inda hakkin ma'aikatan da aka danne yake kuka har kunnen Ubangiji Mai Runduna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wannan zalunci ne, kuma mai kokawa a kai ba mahassadi ba ne. Bulus ɗin da ya koyi wadar zuci, a wannan Filibi ɗin ce ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye bayan an yi masa bulala ba shari'a, ya ce mahukunta su zo da kansu su fitar da shi, don shi ɗan ƙasar Roma ne. Tambayar da nake rarrabe su da ita ga kaina ita ce: in aka ƙwace na wancan ba a ƙara mini komai ba, zan ji sanyi? Mai neman hakkinsa ba abin da asarar wani za ta ƙara masa. Ni kuwa, da an ce an sace Corollar nan a makon farko, na san abin da zan ji kafin in tuna in ce "ayya".

Abin da ya taimake ni ƙanana ne, ba na tallata su a matsayin sirri. Na faɗa wa wani dattijo a coci abin da sunansa. Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, ka fara yi masa addu'a da sunansa, ka roƙa masa ƙari." Kwanakin farko kamar ina tauna tsakuwa. Romawa 12:15 ta haɗa yin murna da masu murna da yin kuka da masu kuka, kuma na gano na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Zuwa gaisuwar mutuwa ba ya rage wa kowa girma. Na kuma daina godiyar jimla, irin ta "mun gode don rai da lafiya" da baki yake faɗa shi kaɗai. Na koma ambaton abu da sunansa: mai gidan haya ya ƙara mini wata biyu, tarin 'yata ya tsaya, an kawo wuta daren da zafi ya yi tsanani. A 2003 wasu masana biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun gwada wannan: waɗanda aka sa su riƙa rubuta abin godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu a kan waɗanda aka sa su rubuta abin da ya ɓata musu rai. Bai ba ni mamaki ba. Kutare goma aka warkar a Luka 17, ɗaya ne ya tsaya ya juyo, sauran tara ma sun warke, sun dai wuce da sauri ne.

Disambar da ta biyo baya ɗan garinmu ya ce in zo mu tafi gida tare, in kawo rabin kuɗin mai. Na so in ce ina da uzuri, matata ta harare ni. Muka bar Agege ƙarfe huɗu na asuba, ta Ibadan, Akure, Okene, muka ci abinci a Lokoja, yana ba ni labarin yadda makanike ya cuce shi a kan giyar mota, muna dariya kamar zamanin katifa ɗaya. Washegari da hantsi muka shiga gari. Yara suka biyo motar da gudu suna kiran sunansa, mahaifiyarsa ta fito tana rawa da zani a hannu. Abin nan ya sake motsawa a ƙirjina, ƙarami, amma na gane shi. Na buɗe but na sauke rabin buhun shinkafata da galan ɗin manja, na ɗora a ka. Gidanmu yana bayan coci, tafiyar minti biyar. Mama tana bakin ƙofa tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Kai, ka rame. Shigo, akwai kunun gyaɗa."